Umarnin da aka ba wakilin AI kan bayanin gwaje-gwajen manhaja: ta yaya za a gane ya yi?

Wani ƙanena da ke aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Jos ya turo min tambaya. Suna gina manhajar adashe da biyan kuɗi domin 'yan kasuwar gwari na Farin Gada. Suna da gwaje-gwaje wajen 400, wato ƙananan kod da ke duba ko manhajar na aiki daidai, da aka rubuta da pytest, wani kayan aikin gwaji na harshen Python, amma waɗanda suka rubuta yawancinsu sun bar kamfanin, yau ba mai iya cewa ga abin da kowanne yake tsaro. Sai ogansu ya buɗe fayil ɗin AGENTS.md, inda ake ajiye wa AI umarni, ya rubuta umarni layi uku ga wakilin AI, wato ƙirƙirarriyar basirar nan da ke shiga cikin kod ta yi aiki da kanta. Ga ma'anarsu da Hausa: ka rubuta bayani mai kyau kuma cikakke a kan kowane gwaji, ka bi ƙa'idojin ƙwararru, kada ka bar gwaji ko ɗaya babu bayani. Tambayarsa ita ce, "Yaya, ta yaya zan gane ko umarnin nan ya yi, kafin mu sake shi a kan gwaje-gwajen gaba ɗaya?"

Ƙanena, na daɗe ina aikin gwajin manhaja a nan Abuja, kuma abu na farko da zan gaya maka shi ne karanta umarni ba ya nuna ingancinsa. Iri ne, a tafin hannu duk kamanninsu ɗaya, sai an shuka. To amma kafin shuka sai ka san amfanin da kake jira, don haka bari mu fara da wanda ake rubuta wa bayanin.

Ka ɗauka daren ƙarshen wata ne, gobe da safe za a yi kwasar adashe, kai kaɗai ne a ofis, janareta na ta ruri, sai gwaji ɗaya ya yi ja, wato ya faɗi. Ba kai ka rubuta shi ba. Abu ɗaya kake son sani cikin minti biyu: kod ɗin ne ya lalace, ko gwajin ne ya tsufa saboda an sauya doka? Idan kod ne, a gyara kod. Idan gwajin ne, a gyara gwaji. Duk bayanin da bai taimake ka ka yanke wannan hukunci ba, ado ne. Wannan mutumin na daren ƙarshen wata shi ne ma'aunin da za ka ɗora komai a kansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wakilin AI kod yake gani. Bai halarci taron da aka yi da ma'ajin ƙungiya ba, bai ji ƙorafin mai tumatir ɗin da aka cire wa kuɗi sau biyu ba, bai san an taɓa rigima a kan rabin kwabo ba. Yana iya faɗa maka abin da gwaji ke yi, amma dalilin da ya sa aka rubuta gwajin galibi ba ya cikin kod. Idan ka matsa masa lallai sai ya yi bayani, ɗaya daga cikin abu uku za ka samu. Ko ya zama aku, ya maimaita maka kod ɗin da Turanci: "wannan gwaji yana kiran aikin lissafin haraji yana duba sakamako". Ko ya yi shaci-faɗi, ya ƙago dalili mai daɗin ji. Ko kuma, wanda ya fi duka muni, ya tarar da kuskure a cikin gwajin ya rubuta shi a matsayin doka.

Bari in tsaya a kan na ukun, don shi ne ke cin mutane. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin 100 tun watan Fabrairun 2020. A ce kuɗin hidimar da kuka caji wani Naira 1,003 ne, wato kwabo 100,300. Harajinsa kwabo 7,522 da rabi. Ina za a kai rabin? Akanta zai ce a cike shi ya zama 7,523. Amma round, umarnin Python da ke mayar da lamba cikakkiya, idan lamba ta faɗa daidai a tsakiya, wajen lamba mai rabuwa biyu yake kai ta: 7.5 ta koma 8, 22.5 ta koma 22, ita kuma 7,522.5 ta koma 7,522. To a ce wanda ya rubuta gwajin bai lissafa da hannu ba, ya gudanar da kod ne kawai ya ga 7,522 ya kwafa ya manna a matsayin amsar da ake jira. Gwajin kore ne kullum, wato yana hayewa. Sai wakili ya zo ya rubuta a samansa, da Turanci mai santsi, cewa gwajin yana tabbatar da ana zubar da rabin kwabo bisa tsarin kamfanin. Wane tsari? Ba wanda ya taɓa yanke haka. Daga ranar kuskure ya samu takardar shaida, duk wanda ya zo daga baya zai ji tsoron taɓa shi. Kitso aka yi da ƙwarƙwata.

Da wannan a ranka, koma ka duba layuka ukun ogan naku. "Mai kyau kuma cikakke" ba ya ɗauke da komai, domin ba wanda zai umarci wakili ya rubuta bayani mummuna. Hanyar gane irin wannan layi mai sauƙi ce: idan mutum biyu za su kalli sakamako ɗaya, wannan ya ce an bi umarni wancan ya ce ba a bi ba, kuma ba mai iya kayar da wani, to layin bai faɗi komai ba. Kalmar "cikakke" ma illa take yi, tsawo take jawowa. "Ƙa'idojin ƙwararru" kuma waɗanne? Akwai IEEE 829 da ya fara fitowa a 1983, wanda ISO/IEC/IEEE 29119-3 ya maye gurbinsa a 2013, su kuma maganar takardun tsare-tsare da rahotannin gwaji suke yi, irin waɗanda bankuna da ma'aikatu ke nema. Akwai salon da Dan North ya bayyana a 2006, inda ya ce sunan gwaji ya kamata ya karantu kamar jimla, kuma a tsara shi a kan yanayin da ake ciki, abin da aka aikata, da abin da ya kamata ya biyo baya. A kansa aka gina kayan aikin gwaji mai suna Cucumber. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Idan ba ku zaɓa ba, wakilin zai zaɓar muku, yau wannan gobe wancan.

Layi na uku shi ne mai guba, ga shi kuma shi ya fi kama da na mai kishin aiki. "Kada ka bar ko ɗaya" ya toshe wa wakili ƙofar cewa ban sani ba. Ɗan aiken da aka ce kada ya kuskura ya dawo hannu wofi, idan bai samu abin da aka aike shi ba, wani abin zai ɗauko.

Ni ma na taɓa ƙonewa. A wani kamfani da na yi wa aiki nan Abuja, muna da gwaji a kan saƙon tabbatar da biya da kamfanonin hada-hadar kuɗi ke turowa sabar mutum, wato kwamfutar da manhajarsa ke gudana a kai. Irin wannan saƙo yana iya zuwa sau biyu, domin idan ba su ji amsa a kan lokaci ba sukan sake turowa. Sunan gwajin yana cewa ba a saka wa mutum kuɗi sau biyu. Wakili ya karanta sunan ya rubuta bayani mai gamsarwa a kan haka, ni ma na karanta na wuce, na ma yaba. Sai da alat biyu suka shiga wa wani a kan biya ɗaya na buɗe gwajin da idon basira. Layin assert, wato layin da ke tabbatar da sakamako, ɗaya ne tak a ciki, yana duba cewa saba ta amsa da 200, lambar da ke nufin saƙo ya iso lafiya. Ko kusa da ma'aunin kuɗin mutumin bai je ba. Gwajin dama can fanko ne, amma kafin bayanin, duk wanda ya buɗe shi dole ya karanta kod ɗin, watakila ya lura. Bayanin ne ya sa muka daina karantawa.

Daga nan na sauya yadda nake auna umarni, kuma shi zan ba ka.

Ka ware gwaje-gwaje kamar 20 zuwa 25 ka kai su wani reshe na daban, wato kwafin kod da ke gefe. Rabi su zama lafiyayyu, waɗanda kai da kanka ka san dalilinsu. Sauran rabin tarko ne, kai za ka ɗana su. Ka sa wanda amsarsa kuskure ce, irin na rabin kwabon nan. Ka sa wanda sunansa ya yi alkawarin abin da cikinsa bai duba ba, irin nawa. Ka sa wanda babu assert a cikinsa kwata-kwata. Ka sa wanda aka yi wa alamar skip (a tsallake shi) ko xfail (an san zai faɗi) ba a faɗi dalili ba. Ka sa mai wata lamba da ba a san asalinta ba, a ce 14 ko 50,000, ka ga ko wakili zai ƙaga mata tarihi. Ka kuma sa na lokaci, domin shi ne ke yawan cizon masu manhajar kuɗi a ƙasar nan: agogon Najeriya yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, sabobi kuma yawanci a kan UTC suke, don haka wanda ya yi zubi ƙarfe 12:30 na dare a Jos, a wurin saba jiya ya biya, ƙarfe 11:30. Ga wanda zubinsa na kullum ne, wannan awar ita ce tsakanin "ya biya na yau" da "ya yi fashi". Haka ma lambar asusun banki: NUBAN lamba 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa, idan aka ajiye ta a matsayin adadi sifilin ya ɓace ta koma 9. Bayanin da ya ce "yana duba lambar asusu" ya faɗi. Wanda ya ce "lambar asusu mai farawa da sifili ta fito da lambobinta 10 cif" ya haye.

Kafin ka saki wakili a kansu, ka rubuta a takarda abin da kake jira daga kowanne, kamar yadda malami ke shirya amsoshi kafin jarrabawa. A kan masu tarko, amsar da ta dace ita ce wakilin ya ɗaga tuta, ya ce sunan nan da cikin nan ba su dace ba, ko ban ga dalilin wannan lamba ba. Idan ka jira sai ka ga abin da ya rubuta sannan ka yanke hukunci, santsin Turancinsa zai ɗauke ka. Na faɗa maka ni ya ɗauke ni.

Kada ka gudanar sau ɗaya ka gamsu. Waɗannan na'urori ba sa ba da amsa iri ɗaya kowane lokaci. Ka yi sau uku ko biyar, kowane karo da sabon zama, ba tare da tarihin hirar baya ba. Umarnin da ya kama tarko a karo ɗaya ya faɗa masa a karo biyu bai kama komai ba, sa'a ce. Kuma ka yi zagaye ɗaya babu umarnin gaba ɗaya, ka ce masa kawai ya rubuta bayani. Idan sakamakon bai bambanta da na layuka ukun oga ba, ka samu amsarka, ba sai kun yi gardama a ofis ba.

Bayan haka sai gwajin da na fi yarda da shi, wanda mutum ake buƙata a kansa. Ka samo abokin aikin da bai san ɓangaren ba, ko ɗan hidimar ƙasa da ke tare da ku. Ka ba shi sunayen gwaje-gwajen da bayanansu kawai, ka ɓoye kod. Ka ce ya faɗi abin da yake zaton kowane gwaji ke dubawa, da lambobi. Sannan ka je ka ɓata kod ɗin da gangan, ka mayar da "ya fi" zuwa "ya kai ko ya fi", ko ka cire awa ɗayan nan ta agogo, ka ce masa: na ɓata kaza, wanne gwaji ne zai yi ja? Idan ya nuna daidai daga bayani kaɗai, bayanin yana aiki. Idan ya nuna wani gwaji, ka gudanar, gwajin bai motsa ba, to bayanin ya yi wa gwajin shaidar zur. Wannan ɓatawa da gangan tsohuwar dabara ce tun shekarun 1970, kuma akwai kayan aikin da ke yin ta da kansu: mutmut a Python, Stryker a JavaScript, PIT a Java. Asali don auna ƙarfin gwaji aka yi su, amma suna tona asirin bayani ma. Duk wurin da bayani ya ce "ana tsaron kaza", aka ɓata kazan gwaji bai faɗi ba, an kama shi.

Abu ɗaya kuma na'ura za ta duba maka, kada ka ɓata idonka a kai: shin wakilin ya taɓa kod ɗin gwajin? Suna da karambani. Ka aike shi rubuta bayani, ya ga wani layi bai masa ba ya "gyara", wani lokaci har ya sauya amsar da ake jira don gwaji ya yi kore. A Python sai ka karanta fayil ɗin da ast, kayan aikin da ke fitar da tsarin kod, kafin aiki da bayan aiki, ka cire bayanan saman kowane gwaji, ka kwatanta. Idan da bambanci ko na harafi ɗaya ne, wannan zagayen ya faɗi duk kyawun rubutunsa.

Za a ce maka ka sa wani AI ya yi alƙalanci. Ba laifi a kan abubuwan ƙirge, kamar ko bayani ya wuce layi uku, ko an ambaci lambar tikiti, wato rahoton matsala ko buƙatar aiki. Amma kada ka ba shi hukuncin "wanne ya fi fayyacewa", domin an san irin waɗannan alƙalai da karkata ga amsa mai tsawo, da kuma rubutun da ya yi kama da nasu. Haka nan kayan aiki irin su interrogate, da ke ƙirga kashi nawa na kod ke da bayani. Wakili zai kai muku kashi 100 kafin shayinka ya huce, oga ya yi murna, alhali aku ne ya cika gidan.

Da ni ne, ga abin da zan sa a madadin layuka ukun, sannan in auna shi a kan tarkunan nan kamar kowane umarni:

Mai karatunka injiniya ne da bai taɓa ganin wannan kod ba, gwajin kuma ya faɗi a gabansa. A layi uku ko ƙasa da haka, ka faɗi dokar da gwajin ke tsaro, da ainihin lambobin da ke cikinsa, da abin da zai samu mai amfani da manhaja idan dokar ta karye. Ka dogara da abin da assert ke dubawa, kada ka dogara da sunan gwaji; idan sun saɓa, ka rubuta saɓanin a rahoto. Dalili kuwa, sai wanda ka gani a tarihin git, wato tarihin sauye-sauyen kod, ko tikiti, ko takardun kamfani, kuma ka faɗi inda ka gan shi. In ba ka samu ba, ka rubuta "ba a samu dalili ba" ka sa gwajin a jerin da mutum zai duba. Kada ka sauya kod, kada ka sauya suna. In kana da shawarar suna, ka sa ta a rahoto.

Ka haɗa masa da misali biyu daga gwaje-gwajenku, ɗaya mai kyau ɗaya mara kyau. Misali yana jan wakili fiye da dogon wa'azi, har yakan wuce gona da iri, ka ga duk bayanan sun fito da kamannin misalin, don haka kada misalan su fito daga ɓangare ɗaya, kuma kada su kasance cikin waɗanda kake jarraba shi da su. Maganar suna da na ware, dalili gare ta: a taƙaitaccen rahoton da pytest ke fitarwa a ƙarshe, suna ake fara gani. Gwaji mai suna test_date_2 ko an rubuta masa shafi guda, mutumin daren nan sai ya buɗe fayil. Amma sauya suna aikin mutum ne, domin wasu wuraren suna kiran gwaji da sunansa.

In umarnin ya fara tsawo, ka riƙa cire layi ɗaya-ɗaya kana sake gudanarwa. Wanda cire shi bai sauya komai ba, ya tafi. Na ga fayilolin umarni masu shafi biyar, kowane ɓacin rai da aka taɓa yi an ƙara masa layi, har wasu na karo da wasu, wakili ya zaɓi wanda ya ga dama. Ko AGENTS.md kuke amfani da shi, ko CLAUDE.md, ko copilot-instructions.md na GitHub, duk abin da ke ciki ana loda wa wakilin ne tare da aikin, yana cin wuri yana raba masa hankali.

Wani abu a gefe, tunda bayanan 'yan kasuwa kuke riƙe da su. A tsofaffin gwaje-gwaje sau da yawa za ka tarar an kwafo lambar waya ko BVN na mutum na gaske daga rumbun bayanai, saboda gaggawa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ba ta ɗauke muku nauyi don kun kira abin gwaji ba. Ku share waɗannan da hannunku tun kafin wakili ya karanta fayilolin, domin da zarar ya karanta, sun riga sun tafi sabar wani. Sannan ka sa lambar bogi mai kama da ta gaske a cikin tarkunanka, ka ga ko zai kwafe ta cikin bayani ko zai yi magana.

Tarkunan nan kada ka zubar da su bayan an gama. Kamfanonin AI suna sauya samfuransu akai-akai, umarnin da ya yi aiki da na bana ba lallai ya yi da na baɗi ba. Duk ranar da aka sauya samfuri ko aka taɓa fayil ɗin umarni, a sake gudanar da su, aikin rabin wuni ne.

Idan umarnin ya haye, kada ku sake shi a kan 400 ɗin lokaci ɗaya, ba wanda zai karanta bayani 400 da gaske, sa hannu kawai za a yi. Ku fara da ɓangaren kuɗi, 30 ko 40 a kowane karo. Kuma ka shirya wa oga zuciyarsa tun yanzu: jerin "ba a samu dalili ba" zai yi tsawo, zai ga kamar wakilin ya yi lalaci. Wasu daga ciki tarihin git zai warware su idan mutum ya zauna a kai. Wasu sai an kira waɗanda suka bar aikin an roƙe su minti goma. Na rabin kwabo kuwa ba injiniya ne zai yanke ba, sai ka ɗauki takarda ka je Farin Gada ka samu ma'ajin ƙungiyar da akantanku, su faɗa maka inda suke so rabin ya tafi, ka dawo ka rubuta ranar da sunan muƙamin wanda ya yanke a saman gwajin.